'Yata mai shekara 11 tana karanta littattafan manya: in ƙwace ne ko in ƙyale ta?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. 'Yata ta fari shekararta 11, tana aji shida na firamare. Tun tana aji uku take da son karatu, ko kwalin magani ta gani sai ta karanta. Kwanan nan ina gyaran gado na tarar da littafin soyayya na ƙanwata a ƙarƙashin katifarta, na biyu ne ma, wato ta riga ta gama na ɗaya. Da na duba wayata kuma sai na ga tana buɗe wani labari da ake turowa a wani zauren WhatsApp da nake ciki. Mahaifinta ya ce a ƙwace komai, kada ta ƙara karanta wani abu sai littafin makaranta da Alƙur'ani. Ni kuma ina tsoron kashe mata son karatu. Shin littafin manya yana ɓata yaro ne? Me ya kamata in yi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah ya raya mana ita, ya yi mata albarka. Abin da kike son sani shi ne ko karatun da ta yi ya riga ya yi mata illa, da kuma yadda za ki tsare tarbiyyarta ba tare da kin raba ta da littafi ba. Kafin komai, ki sani cewa abubuwa biyun da kika gano ba nauyinsu ɗaya ba. Littafin da ke ƙarƙashin katifa abu ne da za a duba a yanke hukunci a kansa. Labarin da ke cikin waya shi ne ya fi buƙatar gaggawa, kuma zan faɗi dalili. Sannan kalmar "littafin manya" ta tattara abubuwa mabambanta, wasu alheri ne ga yaro, wasu sai da rakiya, wasu kuma ko kusa bai kamata ya je ba.

Me ya kai ta ga littafin ƙanwarki

Yarinyar da ta iya karatu sosai tana cin littafi kamar yadda wuta ke cin kara. Matsalarmu a Hausa ita ce tsanin karatunmu ya karye a tsakiya. Akwai 'yan littattafan koyon baƙi da tatsuniyoyi na ƙananan azuzuwa, akwai kuma tarin littattafan da aka rubuta don 'yanmata da matan aure. Abin da ke tsakani, wato na ɗan shekara 9 zuwa 14, kaɗan ne ƙwarai, kuma wanda ake da shi ba ya zuwa kowane shago. Yaron da ya gama na ƙasa ba shi da wani mataki da zai taka sai ya yi tsalle ya kama na sama. Saboda haka kada ki ɗauki abin da ta yi a matsayin alamar lalacewa. Yunwa ce, kuma ta ci abin da ta samu a gida.

Wannan ba sabon abu ba ne. Littattafan da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933, irin su Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Jiki Magayi, yara sun karanta su a makaranta shekara da shekaru, alhali ba labaran wasan yara ba ne. A Shaihu Umar akwai bauta, akwai satar yaro, akwai uwar da ta sha azaba wajen neman ɗanta. Jiki Magayi kuwa kan ramuwar gayya aka gina shi. Iyaye da kakanni da yawa a kan waɗannan suka taso, kuma daga nan suka sami Hausa mai kyau. Daga tsakiyar shekarun 1980 ne aka sami ambaliyar littattafan da ake kira adabin kasuwar Kano, waɗanda marubuta ke buga wa kansu, ana sayarwa ana kuma bayar da haya. Tun daga lokacin 'yan makaranta ke karanta su a ɓoye da bayyane.

Ki duba makarantar Islamiyya ma. Yaro ɗan shekara 9 ko 10 yana karanta Ahalari ko Ishmawi, yana biya abubuwan da ke wajabta wanka, yana jin janaba da haila da jinin biƙi. Babu wanda ya ce wannan ya ɓata shi. Dalili shi ne akwai malami a gabansa, ana faɗin abin da harshen ilimi, ana tsayawa inda ya kamata a tsaya. Wato ambaton wani al'amari na manya ba shi kaɗai ne illa ba. Abin dubawa shi ne yadda aka kawo shi, da manufar da aka kawo shi dominta, da wanda ke kusa da yaron lokacin da ya ci karo da shi.

Wuyar harshe ba matsala ba ce

Wani littafin ya zama na manya ne kawai don Hausarsa ko Turancinsa ya yi tauri: dogayen jimloli, karin magana, kalmomin sarauta ko na shari'a, tarihi mai sunaye da yawa. Irin wannan ki bar ta da shi, ki ma nemo mata. A nan ne yaro ke tara kalmomi. Gwajin da malamai ke yi mai sauƙi ne. Ki buɗe shafi ɗaya a tsakiya ki ce ta karanta a bayyane, duk kalmar da ta gagare ta ko ba ta san ma'anarta ba ta lanƙwashe yatsa ɗaya. In ta ƙare shafin da yatsa ɗaya ko biyu a lanƙwashe, littafin daidai da ita yake. Uku ko huɗu, zai yi mata amfani in akwai wanda za ta riƙa tambaya. In hannu ya dunƙule gaba ɗaya kafin ƙarshen shafi, a ajiye shi zuwa baɗi. Masu bincike kan karatu sun nuna cewa mai karatu yana buƙatar sanin kalmomi 95 zuwa 98 cikin 100 kafin ya bi rubutu shi kaɗai cikin jin daɗi. Yaro da kansa ma yana yin wannan tacewar: abin da ya fi ƙarfinsa yakan tsallake, ko ya ajiye littafin.

Nauyin al'amari: inda aikin yake

Mafi yawan littattafan soyayya da ake bugawa a takarda a nan suka faɗo. Babu batsa ƙarara a cikinsu, amma suna cike da saki, kishi, makircin kishiya, boka, duka, auren dole, mutuwa, wani lokacin fyade. Adalci ne a faɗi cewa da yawa daga cikinsu an rubuta su ne don a yaƙi auren dole da hana mata ilimi, kuma mata da dama ta hanyarsu suka ƙware a karatun Hausa. Amma marubuciyar tana magana ne da macen da ta ga rayuwa, ba da 'yar aji shida ba.

Abu na farko shi ne tsoro. Yaro ƙasa da shekara 7 ko 8 siffa ce ke firgita shi: dodo, aljani, mai ido ɗaya. Daga wajen shekara 8 zuwa 12 tsoron yakan koma kan abin da zai iya faruwa da gaske, kamar mutuwar uwa, rabuwar iyaye, satar mutane. Saboda haka labarin aljanu bakwai ba lalle ya hana 'yarki barci ba, amma labarin kishiyar da ta zuba wa 'yar miji guba a kunu zai iya zauna mata a rai, musamman in gidanku ko gidan kakanninta akwai mata fiye da ɗaya. Za ki ga yarinya ta fara ƙin karɓar abinci daga hannun wadda a da take ci ba tare da tunani ba, kuma ba za ta faɗi dalili ba.

Abu na biyu ya fi wannan zurfi, kuma shi ne iyaye suka fi mantawa da shi saboda hankalinsu yana kan neman inda aka rubuta sumba. Yarinya mai shekara 11 tana iya bin labari daga farko har ƙarshe, ta riƙe sunaye da dangantaka fiye da ke. Abin da ba ta da shi shi ne ma'aunin da za ta auna labarin da shi. Ke in kika karanta cewa wani attajiri mai manyan motoci ya wulaƙanta yarinya, ya mare ta, ya tsare ta, daga baya aka ce ai so ne ya sa, kin san ƙarya ce irin ta labari, domin kin ga aure, kin ga yadda mai mari yake ƙarewa. Ita kuwa wannan ne karo na farko da wani ya ba ta labarin yadda so yake. Sai ta ɗauka haka abin yake. In ta karanta littafi goma masu wannan zubi, darasin ya zauna: namiji na ƙwarai shi ne mai kuɗi mai zafin rai, mace ta ƙwarai ita ce fara mai dogon gashi, kishiya maƙiyiya ce tun kafin ta shigo, matsala kuma wurin boka ake kai ta. Ba a shafi ɗaya ake koyon wannan ba, maimaici ne ke dasa shi. Shi ya sa littafi ɗaya ko biyu da ta karanta ba abin tayar da hankali ba ne, amma a bar ta shekara uku ba ta cin komai sai irinsu, wannan abin damuwa ne.

Haka kuma yaro a wannan shekarun bai gama iya rarrabe muryar ɗan cikin labari da ra'ayin marubuci ba. In mugu ya yi magana mai daɗi, yana iya ɗaukarta a matsayin hikima. Wannan ƙwarewar tana ƙaruwa ne daga wajen shekara 12 zuwa sama, kuma tana saurin zuwa ga yaron da ake tattauna labari da shi. Maganin wannan rukuni ke nan: rakiya. Babba ya san abin da ke cikin littafin, ya yi hira da yaron a kansa.

Batsa: nan babu sassauci

Rubutun da aka yi don tayar da sha'awa, wanda ke siffanta saduwa gaɓa-gaɓa, bai dace da yaro ba ko da rakiyar waye. A nan mahaifinta yana da gaskiya ɗari bisa ɗari. Kuma a yau irin wannan ya fi yawa a waya. Littafin takarda, ko ba komai, ya bi ta hannun mai buga shi da mai sayarwa, sunan marubuci yana jiki, a Kano kuma akwai Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i da aka kafa a 2001. Labarin da ake turowa shafi-shafi a WhatsApp ko Telegram ko manhajar karanta labarai ta Wattpad ba ya bi ta hannun kowa. Akwai marubuta masu mutunci da yawa a can, amma akwai masu sunan aro da suka gane cewa batsa ce ke kawo masu biyan kuɗi. Sau da yawa shafukan farko na kyauta suna zuwa da tsabta, sai an yi nisa abin ya canza. Wasu sukan rubuta a sama cewa na matan aure ne kawai, wanda ga yarinya mai son sani wannan kira ne, ba kora ba.

Akwai haɗari na biyu da ba ya cikin labarin kansa. Zauren da ake tura labari cike yake da lambobin mutanen da ba ki sani ba, kuma kowa yana iya bin lamba ya yi magana ta gefe. Yarinyar da ke amfani da wayarki tana iya amsawa da sunanki ba ki sani ba.

Hanin gaba ɗaya kuwa an gwada shi a babban mataki. A 2007 an ƙona tarin littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano, da niyyar tsare tarbiyyar 'yanmata. Karatun bai tsaya ba. Cikin 'yan shekaru ya koma waya, inda babu bango balle a gane littafin daga nesa. Abin da ya faru a gari shi ne ke faruwa a gida. Yaron da aka doke shi a kan littafi ba ya daina karatu, wurin karatun yake canzawa: banɗaki, ƙarƙashin bargo da tocila, gidan ƙawa, ko ya cire bangon ya sa littafin a cikin na lissafi. Daga ranar kin rasa abu mafi muhimmanci, wato sanin abin da take karantawa.

Yadda za ki tace littafi cikin minti ashirin

Ba dole ne ki karanta kowane littafi duka ba. Ki karanta shafi goma na farko don ki ji harshen marubucin da inda ya dosa. Sannan ki nemi wuraren da labari ke kaɗaita namiji da mace: bayan an kai amarya, ko inda aka rufe ƙofa. A nan ake gane marubuci. Mai kunya yana sakin labule ya ce "washegari", maras kunya yana shiga da mai karatu har ciki. Ki buɗe wuri biyu a tsakiya ba tare da zaɓe ba, ki karanta shafi bibbiyu. A ƙarshe ki karanta shafi biyar na ƙarshe, ki ga wa ya ci riba, wa ya yi asara. In wanda ya yi duka ko fyade ya ƙare da samun yarinyar da dukiya ba tare da wani sakamako ba, littafin ya faɗi ko da babu kalmar batsa ko ɗaya a ciki. In littafin yana da kashi na ɗaya da na biyu da na uku, kowanne sai an duba shi daban, domin na ɗaya ya kan fi sauran tsabta.

Na waya ya fi sauƙi. Ki shiga zauren ko takardar, ki taɓa alamar bincike, ki rubuta kalmomi irin su "gado", "daren farko", "fyade", ki karanta abin da ke kewaye da su. Minti biyar ya isa.

Kada tsufan littafi ko shahararsa su sa ki saki jiki. Dare Dubu Da Ɗaya sunansa kamar na tatsuniya, kuma akwai labaran da ake tsamowa daga cikinsa don yara, amma cikakkensa tun daga labarin da ya buɗe shi kan cin amanar aure yake, kuma akwai wuraren da ba na yara ba ne sam.

Zaman da za ki yi da ita

Ki zaɓi lokacin da ba kowa, ba a gaban ƙannenta ba, ba kuma da littafin a hannu kamar shaidar kotu ba. Tunda 'yar fari ce, wataƙila akwai kunya tsakaninku da za ta hana maganar tafiya. In haka ne, kada ki tilasta. Ƙanwarki mai littafin ita ta fi dacewa, domin ta san labarin, kuma yarinya ta fi sakewa da ita. Kaka ma tana iya yi, saboda wasan jika yana buɗe bakin da uwa ba za ta iya buɗewa ba. Amma ki fara zama da ƙanwar taki, ku daidaita abin da za a faɗa, ta kuma san cewa daga yau littattafanta suna cikin akwati mai makulli.

A fara da cewa, "Na ga kina karanta littafin nan, ba ni labarinsa." Sai a yi shiru a saurara. Yadda ta ba da labarin shi zai nuna abin da ya shige ta. In ta tsaya kan wa ya auri wa, wa ya mutu, wa ya tafi Makka, to yawancin abin da kike tsoro ya wuce ta saman kanta. In ta yi ta kewaya wani wuri, ko ta sunkuyar da kai, akwai abin da ta gani da ke buƙatar bayani. Daga nan a tambaye ta wanda ta fi so a labarin da dalili, da inda ba ta gane ba, da ko akwai inda ya ba ta tsoro. Tambaya mafi amfani ita ce irin wannan: "Da ƙawarki ce wannan mutumin ya mara, me za ki ce mata?" Wannan yana fitar da ita daga cikin labarin ya sa ta auna shi da hankalinta. Kada a mayar da zaman wa'azi. Minti goma sha biyar na hira sun fi awa guda na faɗa.

In ta yi tambaya kan jiki ko aure, a ba ta amsa gajeriya ta gaskiya da kalmomin da ta sani daga Islamiyya. Balaga a 'ya'ya mata takan fara ne tsakanin shekara 8 da 13, don haka a shekara 11 lokacin maganar haila da tsarki da iyakokin jiki ya riga ya yi, ko da littafi ko babu. Gara ta ji daga bakinku da ta haɗa shi da kanta daga labarin wani maras suna.

Sannan a faɗa mata doka a fili, da dalilinta: akwai littattafan da za ta karanta yanzu, akwai waɗanda za a ajiye mata sai ta ƙara girma, akwai waɗanda ko manya bai kamace su ba. Duk littafin da ta samo daga waje ta kawo a gani tukuna, kuma ba za a doke ta don ta kawo ba. Wannan alkawarin na ƙarshe shi ne ginshiƙi. Ranar da aka saɓa shi, ba za ta sake kawowa ba.

Wayar

Ki fita daga zauren, ko ki sa wa WhatsApp makulli na yatsa ko lamba wadda ba ta sani ba. Ɓoye zauren a ma'ajiya bai isa ba, yara sun fi mu sanin inda yake. Ki kashe saukar da takardu da hotuna kai-tsaye, sannan ki shiga ma'ajiyar wayar ki goge waɗanda suka riga suka sauka, domin fita daga zaure ba ya goge su. Wattpad a ƙa'idarsa ba ya karɓar wanda bai kai shekara 13 ba, don haka ba wurinta ba ne yanzu. Ki lura da YouTube ma, inda ake karanta littattafan nan da murya. Yarinya da abin sauraro a kunne tana iya jin littafi guda tana wanke-wanke. In wayar Android ce za ta riƙa amfani da ita, manhajar Family Link ta Google tana ba ki ikon zaɓar abin da za a sauke da iyakance lokaci. Waya kuma kada ta kwana a ɗakin yara. Ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, kuma labari mai ci gaba shi ne babban ɓarawon barci.

Abin da za ki sa a madadinsa

In aka ɗauke ba a mayar da komai ba, duk abin da aka yi a sama ya rushe. Yarinya irin taki tana gama littafi mai shafi 80 zuwa 100 cikin kwana uku ko huɗu, wato tana buƙatar kamar littafi takwas a wata. Gida ɗaya da wuya ya iya saye. Abin da ke aiki shi ne gida uku ko huɗu na 'yan'uwa ko maƙwabta su haɗu, kowa ya sayi biyu a wata, wanda ya saya shi ke tacewa, sai a riƙa musaya, a rubuta sunan mai ara a ɗan littafi. A yi mata rajista a ɗakin karatu in akwai kusa, kamar na Murtala Muhammad ga wanda ke Kano, a kuma tambayi malamin Hausa na makarantarsu abin da ke kabad ɗinsa.

Magana Jari Ce na Abubakar Imam, kashi uku, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1930, har yanzu shi ne mafi kyawun gada tsakanin tatsuniya da littafin manya, kuma zai riƙe ta makonni. Tsofaffin littattafan kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya da ake karantawa a ƙananan azuzuwan sakandare su ne mataki na gaba. A haɗa mata da ƙissoshin Annabawa, da tarihin Manzon Allah (SAW) da na sahabbai mata, da tarihin mutane irin su Nana Asma'u. A Turanci akwai littattafan da aka sauƙaƙa mataki-mataki, a fara mata daga wanda gwajin yatsu ya nuna. Kada a cika mata da masu wa'azi zalla. Abin da ya ja ta zuwa littafin ƙanwarki shi ne labari mai sa a ƙagu a ga ƙarshe, don haka dole a cikin abin da za a ba ta a sami mai wannan daɗin. Ki saya mata littafin rubutu guda ma, ki ce ta rubuta nata labarin. Abin da za ta rubuta zai nuna miki abin da ke ranta fiye da kowace tambaya.

Game da mahaifinta, kada ki mayar da abin gardama. Ki nuna masa kin yarda da shi kan waya da kan batsa, sannan ki bayyana masa cewa littafin makaranta kaɗai ba ya gina mai karatu. Saurin karatu da yawan kalmomi da iya rubuta insha'i daga karatun nishaɗi suke zuwa, kuma su ne za su taimake ta a jarrabawa. Ki roƙe shi ya zama shi ne mai sayowa, ko ya riƙa sa ta karanta masa labari ɗaya bayan sallar isha'i. Uban da aka ba shi wannan matsayi yakan fi kowa tsayawa a kan abin.

Iyakar wannan shawara

Shekarun da na ambata kimantawa ce. Wata 'yar shekara 11 ta fi wata 'yar 14 nutsuwa, wata kuma ƙaramin abu ke hana ta barci, kuma ke kika san taki. Hukuncin wannan littafin na musamman ma yana hannun wanda ya buɗe shi ya duba, ba a yanke shi daga suna ko hoton bango. Akwai kuma alamomin da suka wuce batun littafi: mugun mafarki da ya haura mako biyu, komawa fitsarin kwance bayan ta daina, maganganu ko wasannin jima'i da suka fi shekarunta, tsoron wani mutum na musamman, kuɗi ko kyautar da ba ki san tushensu ba, ko hira a ɓoye da babba a waya. In kin ga irin waɗannan, kada ki ɗora wa littafi laifi ki tsaya nan, domin wani lokacin mutum ne a bayan abin. Ki tambaye ta cikin lallashi ba tare da tsawa ba, ki kai ta wurin likitan yara.

Saura littafin da ke ƙarƙashin katifa. Ki duba shi yau ta hanyar da na bayyana. In ya tsallake, ki bar ta ta ƙarasa shi a falo, ƙanwarki ta yi hira da ita a kansa. In bai tsallake ba, ki ɗauke shi, ki gaya mata dalili a taƙaice, amma ki sa ƙanwarki ta ba ta ƙarshen labarin da baki: wa ya auri wa, me ya sami mugun. Yarinyar da aka yanke wa labari a tsakiya za ta nemi kashi na uku a wurin ƙawaye, wadda ta san ƙarshe kuwa ta fi sauƙin karɓar sabon littafin da kika miƙa mata.